Mushen Bakin Hanya Ma Da Mai Shi

Duk wanda ya saba bin hanyar mota da sassafe, ko zuwa gona ko zuwa cin kasuwa, ya san abin da a kan tarar a gefen kwalta. Yau akuya ce, gobe kare, jibi kyanwa ko jaki, mota ta banke su da dare ta wuce abinta. Masu wucewa su kan toshe hanci su ratse, ungulu su yi nasu aiki, bayan kwana uku sai fata da ƙashi. Amma fa a wani gida ana nan ana neman dabbar nan. An aiki yara sun zaga unguwa, an tambayi maƙwabta, an leƙa turaku a kasuwar dabbobi, ba labari. To, maganar wannan mako ke nan: wa ya kamata ya gaya wa mai dabba abin da ya same ta?

Mutanen Ingila sun daɗe suna fama da wannan tambaya, musamman game da karnuka da kyanwoyi, waɗanda su ke ajiyewa cikin ɗaki kamar 'yan gida. A can nauyin abin ya fi faɗawa kan likitocin dabbobi, domin wanda ya tsinci gawar kare ko kyanwa a hanya wurinsu ya kan nufa da ita. Ya kamata manomi da ɗan kasuwa da akawu su ji yadda likitocin nan ke yi, da abin da suka gyara, da abin da har yanzu ya gagara, gama akwai abin ɗauka a ciki.

Yadda Likita Ke Yi

Asibitocin dabbobi na Ingila ba na Gwamnati ba ne. Na likitoci ne su kansu, ko na kamfanoni, kuma mai dabba shi ke biyan kuɗin magani. Saboda haka in baƙo ya shigo da mataccen kare a nannaɗe cikin tsumma, ya ce a hanya ya tsince shi, babu wanda za a miƙa wa takardar biya. Duk da haka galibinsu ba su kan ƙi karɓa ba.

Abu na fari, likita ya kan duba ko akwai sauran rai. Majalisar da ke lura da aikin likitocin dabbobi a ƙasar, wadda aka kafa tun 1844, ta ɗora wa kowane likita da ke aiki nauyin ba dabba taimakon gaggawa da maganin rage zafin ciwo, ko an san mai ita ko ba a sani ba. In raunin ya wuce gyara, sai ya yi mata allurar da za ta raba ta da wahala. In kuwa ta riga ta mutu, sai a shiga neman shaida.

Shaida iri biyu ce. Ta farko abin wuya ne, gama tun 1992 doka ta ce kare ba ya fita bainar jama'a sai da abin wuya mai ɗauke da sunan mai shi da inda ya ke zaune. Amma abin wuya ya kan tsinke, kyanwa kuwa sau da yawa ba ta da shi sam. Ta biyu ita ce 'yar ƙwayar lamba, wata 'yar na'ura wadda girmanta bai wuce ƙwayar shinkafa ba, a kan cusa ta da allura a ƙarƙashin fata, tsakanin kafaɗun dabba. Ba ta da batir, ba ta kuwa nuna inda dabba ta shiga. Abin da ke cikinta lamba ce kurum mai alƙaluma 15. In aka shafa na'urar karatu a jikin dabbar sai lambar ta fito. Likitan da ya san aikinsa ba ya tsayawa kan kafaɗa, ya kan bi jikin duka har ƙirji da ƙafafun gaba, domin ƙwayar ta kan gusa daga inda aka sa ta.

Da lambar ta fito sai a neme ta cikin rajista, watau babban littafin da ke cikin kwamfuta, inda aka rubuta sunan mai dabba da gidansa da lambar wayarsa. Sa'an nan a buga masa waya a gaya masa. Wanda ya tsinto gawar ba a ba shi sunan mai ita, asibiti ne ke tsayawa tsakani. In mai dabba ya zo, zaɓi nasa ne: ko ya ɗauke ta ya binne a gidansa, ko ya biya a ƙone ta ita kaɗai a ba shi tokar, ko ya bar wa asibiti.

In Babu Shaida Fa?

A nan ne aikin ke da wuya. In babu abin wuya, babu ƙwaya, sai a ɗauki alƙalami. A kan rubuta irin dabbar, da launinta, da ko mace ce ko namiji, da ko an yi mata fiɗiya, da kimanin shekarunta, da wata alama ta daban kamar tsagaggen kunne ko guntun wutsiya, da wurin da aka tsince ta, da ranar. Daga nan a sa gawar cikin jaka, a liƙa mata takarda, a ajiye cikin akwatin sanyi. Sa'an nan a yi cigiya: a sanar da sauran asibitocin gari, da ma'aikacin hukuma mai lura da ɓatattun karnuka, a kuma sa sanarwa a Facebook inda mutanen unguwa ke gani. Galibi kwatance a kan yi da baki, ba a buga hoton gawar da mota ta tattake, don kada mai ita ya fara cin karo da labarin ta wannan mummunar hanya.

Tsawon jira ya danganta ga asibiti da kuma faɗin akwatin sanyinsa. Waɗansu 'yan kwanaki, waɗansu mako ɗaya ko biyu. In lokaci ya cika ba wanda ya zo, sai a haɗa ta da sauran gawawwakin dabbobi a kai wurin ƙonewa. Amma takardar nan tana nan a ajiye. Ko bayan wata guda mutum ya zo ya ce yana neman baƙar kyanwa mai farin ƙirji, ana iya buɗe littafi a ce masa ran kaza aka kawo irinta daga hanya kaza. Bai sami kyanwarsa ba, amma ya sami gaskiyar abin da ya faru, ya daina yawon nema.

Duk wannan ɗawainiya ta cigiya, babu dokar da ta tsara ta. Likitoci na yi ne don mutunci da sanin ya kamata, kuɗin wutar akwatin sanyi da lokacin ma'aikata kuwa galibi daga aljihun asibiti su ke fita. Wannan abin yabo ne. Amma aikin da ya dogara ga kirkin mutum kaɗai, ran da aka gamu da wanda ba shi da hali ko ba shi da wuri, ya tsaya ke nan.

Abin Da Doka Ta Ce

Dokar hanya ta 1988, wadda ke aiki a Ingila da Sikotilan da Wels, ta lissafa dabbobi 8 a sashe na 170: doki, da shanu, da jaki, da alfadari, da tumaki, da alade, da akuya, da kare. Direban da ya banke ɗaya daga cikinsu tilas ya tsaya ya ba da sunansa da inda ya ke zaune. In bai sami wanda zai ba ba, sai ya kai rahoto wurin 'yan sanda ba da jinkiri ba, kada ya wuce awa 24. Wannan jeri an gaje shi ne daga dokar 1930, zamanin da a ke duban dabbar aiki da dabbar dukiya. Kowane manomi ya duba jerin zai ga nasa a ciki. Amma babu kyanwa. Wanda ya take kyanwa ya wuce bai karya wannan doka ba.

Ta wajen masu dabba kuwa an tsananta. Tun ran 6 ga Afrilu 2016 aka tilasta sa wa kowane kare ƙwayar lamba kafin ya wuce mako 8 da haihuwa. Kyanwoyin Ingila suka bi baya ran 10 ga Yuni 2024, su kuma kafin mako 20. Wanda aka kama bai sa ba a kan ba shi kwana 21 ya gyara, in ya ƙi, tara tana iya kaiwa fam 500. Dabbobin gona ma haka: saniya da ɗan kunne mai lamba a kunnuwa biyu da takardar shaidarta, doki da ƙwayarsa.

To, ga inda gizo ke saƙa. Dokar da ta tilasta wa mai dabba sa ƙwaya ba ta tilasta wa mai kwashe gawa ya karanta ta ba. Dabbobi da yawa ba su isa hannun likita, ma'aikatan share hanya ke kwashe su. A watan Nuwamba 2013 wani kare mai suna Harvey ya kuɓuce, mota ta kashe shi a babbar hanya mai lamba M62 a arewacin Ingila. Yana da ƙwayar lamba a jikinsa, amma ba a sanar da masu shi ba. Suka yi mako 13 suna nema, suna liƙa takardu, suna kashe kuɗi, kafin su ji cewa ya mutu tun daren da ya ɓace. Mutum fiye da 100,000 suka sa hannu a takardar koke, Majalisar Dokoki ta yi muhawara a kai a watan Maris 2015, Gwamnati kuma ta amsa cewa lalle masu aikin manyan hanyoyinta su riƙa duba lambar suna neman mai dabba.

Sai dai manyan hanyoyin Gwamnati kaɗan ne cikin hanyoyin ƙasar. Sauran, watau titunan gari da na ƙauye inda kyanwoyi suka fi mutuwa, suna hannun ƙananan hukumomi, kowace da tata al'ada. An sake kai koke Majalisa a 2019 a kan a tilasta musu dubawa, aka kuma kai wani a farkon 2023 a kan a sa kyanwa cikin jerin nan. Amsar Gwamnati a 2023 ita ce abin zai yi wuyar zartaswa, gama direban babbar mota ya kan take ƙaramar dabba bai ma sani ba, kuma aikin zai yi wa 'yan sanda yawa.

Akwai gaskiya cikin wannan amsa, amma ba ta warware zancen ba. Ana iya yi wa direba uzuri cewa bai ji ba, bai gani ba. Wanda ya sunkuya ya ɗauki gawa da hannunsa ba shi da wannan uzuri, shafa na'ura kuwa bai kai minti guda ba. Tilasta wa mutum ya biya kuɗin ƙwaya, sa'an nan a jefar da dabbarsa ba a duba ba, daidai ya ke da a sa shi sayen kan sarki a kuma ƙi kai wasiƙar. Masu dabba su ma da nasu laifi. Likitoci na yawan samun lamba sarai, su buga waya su tarar mai ita ya ƙaura ko ya sake lambar waya bai gyara rajista ba. Ashe abu uku ne ke riƙe da aikin nan kamar duwatsun murhu: shaida a jikin dabba, da mai dubawa, da littafin da ke faɗin gaskiya. In ɗaya ya goce, tukunya ta kife.

Abin Ɗauka A Nan Gida

Wani zai ce wannan zancen Turawa ne masu kwana da kare a gado, ina ruwan manomin Arewa? Ruwansa da yawa. Kyanwar da ke gadin rumbu ta fi ƙarfin a ce da ita abin wasa, wanda ɓera ya taɓa yi wa ɓarna ya sani. Kare shi ke tsaron garke da gonar da birai suka matsa wa. Akuya kuwa ita ce asusun mace a ƙauye, da ita a ke biyan kuɗin makaranta da na asibiti, jaki kuma shi ne motar talaka. In mutanen da ke ajiye dabba don sha'awa sun ga ya kamata a yi mata cigiya, ina ga wanda abincinsa ke rataye da ita?

Har wa yau akwai abin da ya fi hasarar dabbar muni, shi ne zargi. Mutumin da akuyarsa ta ɓace ba ya cewa mota ce, sai ya ce sata ce. Ya kan fara duban maƙwabcin da suka taɓa faɗa a kan iyakar gona, ko yaron gidan wane, ko makiyayan da suka sauka bayan gari. Magana ta kai gaban mai unguwa, wani lokaci har gaban alƙali, zumunci ya ɓaci, alhali akuyar tana kwance cikin lambatu mil guda daga gari. Kalma ɗaya daga bakin wanda ya gani da ta kashe wutar nan tun ba ta kama ba.

Cigiya kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan mota, wanda ya tsinci dabba ya kan kai ta gidan mai unguwa ko dagaci, a yi shela a kasuwa har mai ita ya fito. Abin da ya ragu shi ne a gane cewa dabbar da ta mutu ita ma tana da haƙƙin cigiya, gama mutuwarta ba ta raba ta da mai ita ba. Ba sai an jira ƙwayar lamba da akwatin sanyi ba. Abin da ya fi amfani cikin aikin likitocin Ingila shi ne mafi araha, watau alƙalami da littafi.

Ga yadda za a iya yi. Kowane asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma ya ajiye littafi guda na dabbobin da mota ta kashe. Malamin dabbobi ya rubuta iri, da launi, da alama, da wuri, da rana, in da hali ya ɗauki hoto da wayarsa ya adana don mai nema. Inda babu asibiti kusa, littafin ya zauna wurin dagaci ko sarkin kasuwa. Ran kasuwa a karanta abin da aka rubuta cikin makon. Kuɗin wannan bai kai na buhun dusa ba.

Mai dabba shi ma ya yi nasa. Dabbar da ba ta da shaida, ko an ga gawarta ba a san gidan da za a nufa ba. Makiyaya sun daɗe da sanin haka, shi ya sa kowane gida ke da irin tasa tsagar kunne. Ga kare da akuya da jaki, igiyar wuya da ɗan ƙarfe ko guntun roba mai lambar waya ta isa. Mai yin lalas kuwa ya nisanci gadon baya da haƙarƙari, ya yi a ƙasan cinya, don kada ya ɓata fatar da za ta yi kuɗi, balle ta jar akuyar Sakkwato wadda sunanta ya kai ƙasashen waje. Sa'an nan wanda gidansa ke bakin kwalta ya ɗaure dabbarsa. Ko a Ingila, tun dokar 1971, wanda ya yi sakaci dabbarsa ta hau hanya ta jawo haɗari ana iya bin sa diyya. Cigiya ba ta wanke mai sakaci.

Uzurin Direba

Direbobi suna da tasu magana, kuma ya kamata a saurare ta. Su kan ce in sun tsaya, kafin su buɗe baki an taru a kansu da sanduna, akuyar da ba ta wuce kuɗi kaɗan ba a ce sai sun biya kuɗin uku, har da 'ya'yan da ba ta haifa ba. Wannan yana faruwa, kuma shi ne babban abin da ke koya wa direba gudu. Garin da ke dukan direban da ya tsaya, shi da kansa ya ke hana a tsaya masa gobe.

Amma tsoron tsayawa bai hana faɗi ba. Dabarar awa 24 ta dokar Ingila ta dace da nan ƙwarai. Direban da ya ga tsayawa da haɗari ya wuce, in ya isa tasha ta gaba ya gaya wa shugabannin tasha, ko 'yan sanda, ko ma'aikatan hukumar kiyaye haɗurra, cewa ya banke jan jaki kusa da gada kaza. Su kuma su aika wa dagacin wurin. Zancen biya, in akwai shi, a yi shi a zaune gaban manya, a duba laifin direba a kuma duba na wanda ya saki dabba. Shugabannin tasha da masu unguwannin bakin hanya suna iya ƙulla wannan yarjejeniya tsakaninsu ba tare da jiran wata sabuwar doka ba.

Hattara Da Gawar Kare

Akwai wuri guda da bai kamata a kwaikwayi mutanen Ingila ido rufe ba. Su sun rabu da ciwon haukan kare a ƙasarsu tun 1922, shi ya sa mutum ke iya ɗaukar mataccen kare ya sa cikin motarsa ba fargaba. A nan ciwon yana nan, kuma mahaukacin kare shi ya fi faɗawa gaban mota, gama ba ya cikin hayyacinsa. Ƙwayar cutar tana cikin yawu da ƙwaƙwalwa. Saboda haka kada a taɓa gawar karen da ba a sani ba da hannu tsirara, kada kuma a bar yara su yi wasa da ita. Kare mai rauni kuwa ko na gida ne ya kan yi cizo don zafin ciwo.

In an ji cewa karen ya ciji wani kafin mota ta same shi, kada a yi gaggawar binne shi. A kira malamin dabbobi, domin ana iya aika kan zuwa ɗakin bincike, kamar na Vom kusa da Jos, wanda ke aiki tun 1924, a gane ko yana da ciwon. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, ya tafi asibiti ran nan, kada ya jira sakamako, gama in alamun ciwon suka bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai ya tashi. A nan ma sanin mai kare yana da amfani, don shi kaɗai zai faɗi ko an yi wa karen allurar rigakafi, da kuma waɗanda ya yi cuɗanya da su a gida. In an gama, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne, yadda karnuka da kuraye ba za su tone ba.

Likitocin dabbobi na Ingila sun nuna cewa ana iya girmama haƙƙin mutumin da ba a sani ba, a kan dabbar da ba za ta ƙara amfanin kowa ba. Hukumominsu kuwa sun nuna cewa in ba a ɗora wa wani nauyin dubawa ba, shaida ba ta da amfani. Masu iya magana sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya ga mushe a bakin hanya gobe da safe, ya dubi launinsa da kunnensa, ya faɗa wa mai unguwa kafin ya wuce gona. Wata rana tasa akuyar ce wani zai gani.